Hannun Nadine

Shekara tara Nadine Tackett ta yi a ƙarƙashina a sashen burodi na babban kantin garinmu, kuma duk shekarun nan awa ashirin da huɗu take yi a mako: Talata, Alhamis da Asabar. Ita ce mai rubutu a kan kek. A garin namu, Harlow Gap, in dai an haifi yaro, ko ya gama sakandare, ko ya yi aure, to sunansa ya bi ta hannun Nadine. Za ta riƙe ledar kirim, ta ɗan karkata kai, kafin ka ƙifta ido suna ya fito ɗas da furanni uku a gefe. Har daga garuruwan bayan dutse ake tuƙo mota a zo a ce, "Wanda Nadine za ta rubuta muke so. In ba ta nan mu dawo Alhamis."

Ni ce shugabar sashen, sunana Glenda Sizemore, kuma gara in faɗa da kaina kafin wani ya faɗa: ina da baki. Mahaifina ya yi shekara talatin a ramin kwal, ya mutu yana tari, bai taɓa taka ofishin gwamnati neman taimako ba. Da wannan alfaharin aka raine mu. Saboda haka duk farkon wata, in kuɗin abinci na gwamnati ya sauka a katin mutane suka cika kanti, bakina ba ya hutawa. Mace za ta zo ta karɓi kek mai hawa biyu, ta zaro katin nan ta biya, tana ba da baya in fara.

"Kin gani ko, Nadine? Harajina ke nan ya tafi shagalin ranar haihuwa. Mu muna tsaye tun biyar na asuba ƙafa ta kumbura, 'yan ci-ma-zaune suna yanka kek. Abinci kyauta, asibiti kyauta, saura a riƙa tauna musu."

"Uwar ɗakina ke nan," in ji Nadine, idonta a kan furen da take yi. "Miƙo mini ruwan hodar nan."

Iyakarta ke nan. Shekara tara ina wannan waƙa, amsarta ba ta taɓa wuce in miƙo mata wani launi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da ita shi ne awannin nan nata. A kamfaninmu ma'aikaci iri biyu ne: cikakke mai awa arba'in, da hutunsa da inshorar lafiyarsa, sai kuma ɗan rabi, wanda ba shi da komai sai abin da agogo ya buga masa. Ban taɓa ganin ɗan rabin da ba ya mafarkin zama cikakke ba. Ga Nadine, shekara hamsin da bakwai, miji ya mutu, 'yarta ɗaya tana can Dayton da nata matsalolin, ita kaɗai a tsohuwar tirela, irin ɗan gidan nan da ake ja da mota, a gindin tudu, da motar da sai an lallashe ta take tashi. In aiki ya yi yawa na ce ta ƙara yini, sai ta ce, "A ba Kayla, ita ke da goyo." Kayla ita ce ɗaya 'yar rabin a sashenmu. Ni kuwa sai in ce a raina, ji baiwar Allah, kirki zai kashe ta da talauci.

Da Kayla ta bi mijinta suka bar gari a watan Yuli, sai na ga dama ta samu. Na shiga ofishin manajanmu, Dwight Caudill, yaron da na koya wa karatun Lahadi a coci tun yana da majina a hanci, na ce a haɗe gurbin Kayla da na Nadine a mayar da ita cikakkiya. Wata uku na hana shi sakat. Ya rubuta wa hedikwata, suka ƙi, na sa ya sake rubutawa. Daga ƙarshe suka yarda, da sharaɗin za a goge guraben rabin nan biyu gaba ɗaya. Na ce a goge mana, jiƙa su za mu yi mu sha?

Ban gaya mata ba. Al'adarmu ce a kantin nan, abin alheri ba a faɗarsa, sai dai a shammaci mutum da kek a ɗakin hutu. Matsalar kawai, mai rubuta kek ɗin ita ce za a shammata. Sai na cika takardar oda da sunan ƙarya, na rubuta abin da za a sa: Barka da arziki, kin cancanta. Suna kuwa na ce mai odar zai faɗa daga baya.

"Wace ce wannan mai sa'ar?" Nadine ta tambaya tana juya faranti.

"Ke dai rubuta, ban da bin diddigi. Ki ƙara mata fure."

Ta ƙara mata har biyar. Da rana aka taru, mahauta da masu karɓar kuɗi da 'yan ɗaukar kaya, mutum wajen ashirin. Nadine na shigowa aka sa ihu da tafi. Dwight ya miƙa mata takarda da biro, yana ta washe baki kamar shi ya yi aikin. Ta daɗe tana duban takardar, ta fi ƙarfin lokacin da karatunta ke bukata.

"Glenda, ke kika yi wannan?"

"Wa kuma? Wata uku ina faɗa da su! Awa arba'in, ƙarin dala ɗaya a kowace awa, ga inshora."

"Gurbina na da fa?"

"An binne shi, an yi masa addu'a, ba ya dawowa!"

Aka fashe da dariya. Ta ɗaga kai ta bi fuskokin nan ashirin da kallo, duk suna jiranta, sai ta sa hannu. Hawaye ya zubo mata, na rungume ta ina cewa haba ƙawata, ai kin daɗe da cancanta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni a ranar ba fuskarta nake kallo ba, aikina nake kallo. Ba ta ci kek ɗin ba. Ta shige ɗakin sanyi inda muke ajiye kirim ta yi minti goma sha biyar, na ce wa mutane su ƙyale ta, farin ciki ne ya yi mata yawa.

Bayan mako biyu, ranar Lahadi da aka tashi coci, na kai mata dafaffen wake da burodin masara. Ta ɗora kofi, na buɗe firjinta neman madara. A ɗan gurbin da ake sa man shanu sai na ga farin kwali, a ciki wasu abubuwa guda biyu kamar ƙaton biro.

"Wannan fa? Ciwon suga gare ki ba ki faɗa ba?"

"Rufe firjin, Glenda, wuta kuɗi ce."

Na rufe. Ta zauna ta shimfiɗa hannayenta a kan tebur, ta ce amosanin gaɓɓai ne, irin mai cin ƙashi. Shekararsa goma sha ɗaya a jikinta. Kafin a shawo kansa da allurar nan da na gani a firji, sai da ta kai ba ta iya sa maɓallin riga. Duk mako biyu take soka ɗaya a cinya.

"Hannun nan da kike yabo na aro ne," ta ce. "Duk mako biyu nake sabunta aron."

"To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Yanzu kina da inshora."

Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta jawo littafin inshorar da Dwight ya ba ta, duk ta ja layi a ciki da jan biro. Ni ma irinta gare ni, amma ni ban taɓa ciwon da ya wuce mura ba, ban taɓa buɗe littafin ba. Ta nuna mini: za a riƙa cire dala ɗari da ashirin a kowane albashi, sannan ba za su biya ko senti ba sai ta fara kashe dala dubu shida daga aljihunta a shekarar. Kwalin allura na wata ɗaya kuwa ya haura dubu biyar.

"Dubu biyar? To da can wa yake biya?"

Ta buɗe jakarta, ta zaro hoton marigayi mijinta, daga bayan hoton ta fito da wani kati ta ajiye a gabana. Katin asibiti na gwamnati ne, wanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Na san shi sarai, tunda shekara tara ina zagin masu shi a kunnenta.

Kunya ta rufe ni, kuma ni in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce, "Haba Nadine! Me ya hana ki gaya mini?"

"Yaushe? Kafin ki ce saura a tauna mana, ko bayan kin ce?"

Ta zuba mini kofi, ta yi mini bayani a hankali. Akwai iyakar da gwamnati ta ja, wajen dala dubu ɗaya da ɗari takwas a wata. In abin da kake samu bai kai nan ba, katinka na nan. Awa ashirin da huɗu na ajiye ta a ƙasa da iyakar da ɗan rata. Awa arba'in kuwa ta tsallake ta da nisa, amma ba nisan da zai sayi allura ba. Ba don Kayla take ƙin ƙarin yini ba. Da cokali take auna awanninta tun ranar da ta fara aiki.

"To me ya sa kika sa hannu?"

"Kin ce an binne gurbina. Ga mutum ashirin suna tafi, ga kek na rubuta da hannuna. In ce musu me? In ce a yi haƙuri, ni 'yar ci-ma-zaune ce?"

Washegari tun kafin Dwight ya cire rigar sanyinsa na tare shi a ofis.

"Anti Glenda, tsaya in gane. Wata uku kin hana ni shan ruwa a ƙara mata, yanzu kuma in rage?"

"Ka mayar da ita rabi."

"Babu gurbin rabi. Ke da bakinki kika ce a goge."

"To rage mata awa."

"Cikakken ma'aikaci ba ya yin ƙasa da awa talatin da biyu. In ya yi wata biyu a ƙasa da haka, kwamfuta da kanta take fitar da sunansa."

Na riga na yi lissafin a bayan takardar oda. Ko a awa talatin da biyu ta haura iyakar da kusan dala ɗari uku. Na ce, "To rage kuɗin awar. Mayar da ita dala sha biyu da rabi."

Ya dube ni kamar na zare. "Anti, tunda nake ban taɓa jin wanda ya zo roƙon a rage masa albashi ba. Babu ma inda zan danna. Matakinta daga sha biyar yake farawa."

"Dwight, ni na share maka hanci. Ka ɗaga waya."

Ya ɗaga, ba zan yi masa ƙarya ba. A gabana ya kira hedikwata, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan. Amsar da ya samo ita ce za a duba batun guraben rabi a kasafin kaka mai zuwa, wato bayan shekara guda.

Na koma na ce wa Nadine kawai ta yi shiru, kada ta sanar da ofishin gwamnati canjin albashin. Ni ɗin nan, mai wa'azin haraji, ni ce na ba da wannan shawara. Ta girgiza kai. Ta ce albashi ba ya ɓuya, za su gani a kwamfutarsu, su ce ta yi zamba, a buga sunanta a jaridar gari kusa da na ɓarayin tagulla. Ta riga ma ta aika musu.

Ranar hutunmu na ɗauke ta a motata muka je ofishin, wai ko bakina zai yi amfani sau ɗaya. Muka yi awa biyu a kan kujerun roba. Matar da ta kira mu tana fama da mura, ga kwalin tishu a gabanta, kuma ba ta da wulaƙanci ko kaɗan. Na so a ce tana da shi, da na sami wanda zan huce a kansa.

"Mama Tackett, ba don kamfaninku ya ba ki inshora za a rufe katin ba," ta ce. "Mutane da yawa suna wannan kuskuren. Ko sun ba ki, kina iya ƙi, katinki na nan, in dai albashin bai haura ba. Naki ya haura."

"Inshorar rangwamen nan fa da ake talla a rediyo?" na tambaya.

"Ba za ta sami rangwamen ba, tunda wurin aikinta na da inshora mai araha."

"Mai araha? Dubu shidan ce araha?"

"Doka abin da ake cira a albashi kawai take dubawa. Ba ta duban dubu shidan." Ta fyace hanci. "Ba ni na rubuta ta ba, wallahi."

Na buga tebur na ce shekara talatin da ɗaya ina biyan haraji a ƙasar nan, matar nan kuma ba ta taɓa zaman banza ba ko na yini ɗaya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na sani. Kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan haka yake faɗa." Ta rubuta mana ranar da katin zai daina aiki, ƙarshen Disamba.

Da za mu fita, wata mata a layin jira ta ɗaga wa Nadine hannu tana cewa kek ɗin 'yarta ya yi kyau. Na gane ta, mai hawa biyun nan ce. Tana sanye da rigar masu jinyar tsofaffi, takalminta ya tsage a gefe, da gani daga wurin aiki take. Na yi kamar ina neman makullin mota a jaka.

A hanya na kawo maganar gwangwani. A nan in ciwo ya fi ƙarfin mutum, ana manna hotonsa a jikin gwangwani a ajiye kusa da mai karɓar kuɗi a gidan mai, ko coci ta dafa taliya a sayar da faranti-faranti. Na ce dubu shida ba ta fi ƙarfin garin nan ba, duk wanda ta taɓa rubuta wa suna ya kawo dala goma.

"Gwangwanin Orville mahauci nawa ya tara lokacin ciwon matarsa?"

"Ɗari bakwai da wani abu."

"To. Kuma ko an tara, Janairu na zagayowa lissafin ya koma farko. Duk shekara za ki manna hotona kusa da cingam?" Ta juya tana kallon taga. "Ki bar ni da ɗan abin da ya rage mini, Glenda."

Ta nemi wani aikin rabi, kada a ce ba ta nema ba. Gidan mai suka ce ba gurbi. Kantin kayan araha suka ce aikin sauke kwalaye ne daga mota. Barin aiki gaba ɗaya kuwa zai dawo mata da katin, amma da me za ta biya hayar filin da tirelarta ke kai, da gas na hunturu? Gaba kura, baya sayaki. Sai ta zaɓi ta ja allurar. Tun Nuwamba ta mayar da mako biyu mako uku, ta yi ta tarawa, ranar da katin ya mutu tana da guda uku a gurbin man shanu. Ta ce za ta riƙa yi wata-wata, wataƙila kafin su ƙare hedikwata ta tuna da mu.

Hunturun nan ba na son tuna shi. Takan zo rabin awa kafin lokaci ta tsaya a wurin wanke-wanke, hannayenta a ƙarƙashin ruwan zafi, har yatsun su yarda su lanƙwasa. Ni nake buɗe mata murfin robobi. Na koyi ɗumama kirim ya yi laushi, na riƙa faɗaɗa bakin ledar don kada sai ta matsa da ƙarfi, haruffan suka yi ta ƙiba, furanni suka koma ɗaya. Tana shan ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya ba takardar likita har cikinta ya fara ƙuna. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Ta dai daina ce mini uwar ɗakina. Farkon wata kuma in masu kati suka cika kanti, sashenmu shiru yake yi, ba ka jin komai sai ƙarar injin kwaɓi.

Allura ta ƙarshe a tsakiyar Maris ta yi ta. A Afrilu ta tattara abin da ƙarin albashin ya bar mata ta je ta ga likitanta da kuɗinta, aka ɗauki hoton hannun. Da ta dawo na tambaye ta, ta ce ya ce ƙashin gaɓoɓi huɗu ya riga ya cinye. In ta koma kan allura za ta tsayar da ɓarnar a inda take, amma abin da ya karkace ya karkace ke nan. Ta faɗa tana jera burodi a kan tire, ta ce in matsa mata ta wuce.

Watan Mayu shi ne kakarmu, lokacin da yara ke gama sakandare. Asabar ɗin bikin muna da oda arba'in da uku. Na ce zan taya ta rubutun, ta ce rubutuna kamar kaza ta taka kirim, in tsaya a kan kwalaye. Wannan ce tsokanar farko da ta yi mini cikin wata shida, har na ji sanyi a raina. Ta yi goma sha tara. A na ashirin yatsunta suka ƙi rufuwa a kan ledar, sai ta riƙe ta da tafukan hannu biyu tana matsawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta gama shi, na rufe kwali ban duba ba, don ba na son in gani.

Da azahar uwar yaron da aka yi wa kek na ashirin ɗin ta zo karɓa. Ta buɗe kwalin a kan tebur, ta ɓata fuska.

"A'a, wannan ba rubutun Nadine ba ne. Na faɗa muku tun da na yi oda, Nadine nake so. Ita ta rubuta na yayyensa duka biyun. Wa ya yi wannan jagwalgwalon?"

Nadine na tsaye a gefena, da hula da takunkumin aiki a fuska, matar ba ta gane ta ba. Na buɗe baki zan wanke matar nan tas, sai ta riga ni.

"Gaskiyarki, 'yar uwa, ki yi haƙuri. Nadine ba ta nan yau. A mayar miki da kuɗinki."

Matar ta tafi wurin Dwight tana mita. Nadine ta kai hannu baya za ta kwance igiyar rigar aikinta, ta yi ta fama, ƙullin ya ƙi. Ta juya mini baya, na kwance mata. Ta ninke rigar da gefen hannu ta ajiye kusa da faranti, ta fita ta ƙofar baya. Sauran ashirin da ukun ni na rubuta su, aka yi ta dawo da su har yamma.

Duk wanda zai bar kantinmu ana yi masa kek na ban kwana. Mun yi nata ranar Litinin, fari, aka ajiye shi a ɗakin hutu, aka rasa wanda zai ɗauki leda ya rubuta a kai. Ita ma ba ta zo ba. Da na tashi aiki da rana na sa shi a kwali haka nan, ba rubutu, na kai mata.

Motarta na ƙofar tirela da takardar sayarwa a gilashi. Na same ta a tebur da sabon fom na neman katin, shafi goma sha biyu, da biro a gefe. Ta ɗaga murfin kwalin da bayan hannu, ta dubi farin kek ɗin, ta ce ya fi kyau a haka. Sannan ta tura mini fom ɗin.

"Ki cika mini, ni zan faɗa."

Na cika suna da adireshi da ranar haihuwa. Na karanta mata tambaya ta gaba: ko wurin aikinta na ba da inshorar lafiya?

"Rubuta babu wurin aiki."

"Abin da kike samu a wata?"

"Sifiri. Kin ga wannan karon ba za su sha wahalar lissafi ba."

Ta ce matar ofishin ta gaya mata a waya cewa in komai ya tafi daidai, cikin wata ɗaya da rabi katin zai fito. Na ce to madalla, ai sai ta koma kan allura, kafin kaka kuma wataƙila hedikwata ta buɗe gurbin rabi, ni da kaina zan tsaya a kai. Ta dubi hannayenta, ni ma na dube su. Yatsun sun kwanta gefe guda, gaɓoɓin sun kumbura sun yi ja. Na koma kan fom ɗin, don na ji abin da nake faɗa.

Shafin ƙarshe wurin sa hannu ne, kuma an rubuta dole mai nema ya sa da kansa. Na juya mata takardar. Ta kasa ɗaukar biron daga kan tebur, sai ta gangaro shi zuwa baki ta tare shi tsakanin tafukanta biyu. Ta karkata kai kamar yadda take yi a kan kek. Biron ya zame, ta sake kamawa. Ya sake zamewa. Ban san lokacin da na miƙa hannu zan riƙe mata nata ba.

"A'a, Glenda," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Kin taimake ni sau ɗaya."

Na janye hannuna na sa a cinya. Ta ɗauki kusan minti biyar tana jan biron a kan layin. Da ta gama na karɓi takardar zan sa a ambulan, na duba wurin da kyau, na kasa karanta sunan.